Tabarau don Teburin Sarjan Bukar

Tanut, bayan girbi

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa. Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya a gidan gwaggonka Zuwaira, Ya sa ka sauka Damagaram ba ciwon kai ba ciwon ƙafa, Ya kuma tsare ka a sauran hanyar da ke gabanka har Agadas. Mu nan lafiya lau. Innarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka. Labarin gida kuwa ka ji shi a bakin mai kawo maka takardar, ba shi ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Ka san ni da kai ba mu saba doguwar magana ba. Kai ɗan fari ne, ga shi kuma sunan mahaifina ke kanka, to ta ina zan fara? Ranar da ka hau mota na ce maka Allah Ya kiyaye hanya, na juya na koma kan keken ɗinkina kamar ana jirana da kayan salla, alhali ba kowa a rumfar sai ni. Abin da bakina ya kasa faɗa shi ne hannuna zai rubuta yau, da wannan rubutun nawa na yaƙi da jahilci. Ka daure ka karanta, na san abu na kusa dai kana ganinsa sarai.

Da farko ka sani hankalina ya kwanta, alhamdu lillahi, kwanciyar da rabona da ita tun bara. Lokacin da kawunka Sale ya samo maka gurbin koyon tuƙin kamyo, babbar motar kaya, a Agadas, abin da samarin garin nan ke nema ruwa a jallo, sai ka ce kai noma za ka koma yi a Gangara. Noma! Kai da ba ka taɓa kai ƙarshen layi da hauya ba sai an yi maka tsawa. Innarka ta ce yarinya ce ta riƙe ka. Ni kuwa na riga na ga dalilin a kan teburin biliyar na Sarjan Bukar. Na ga ka daina neman ƙwallon da ke can ƙarshen tebur, sai na kusa da hannunka kake bi. Na ga kana ƙanƙance ido kafin ka buga. Na ga mutum zai taho daga bakin tasha ba ka gaishe shi sai ya yi magana ka ji muryarsa. Ka ɗauka makanta ce ke tafe, irin wadda ta kama kakanka mahaifina yana da sauran ƙarfinsa, ka ce gara ka zauna kusa da gida ta same ka a nan.

Shi ya sa na roƙi majo, babban ma'aikacin gidan likita, tunda shi ma yana buga biliyar da mu, ya duba ka ba tare da ya ce ni na sa shi ba. To yanzu ka sani, ni ne. Har allurar da ya huda kwalin nan da ita tawa ce. Da ya ce ka leƙa ta hudar, ka karanta masa rubutun jikin motar da ke tsaye can ƙetaren hanya, ina bayan ƙyaure ina ji. Ya ce idonka lafiya lau yake, tabarau kawai yake so. Na fita ta baya na zauna a kan dakali ina hamdala.

Saura abu guda: ka fito daga wurin likitan ido na Damagaram da tabarau ɗin da ya dace da kai. In ka kuskure wannan za ka faɗi bizit, wato gwajin lafiyar da ake yi wa masu neman tuƙi, gurbin ya wuce ka. Abin da ya fi wannan muni, tsoron nan zai dawo ya zauna maka a ƙirji. Na san zamansa, don ni ya daɗe a nawa, kuma ba kowa ya jawo mini ba sai wautata. Bari in ba ka labarin.

Ba ka san yadda na fara wasan nan ba. Bayan shekarun farin nan, da muka baro Gangara na kafa keke a kasuwar Tanut, Sarjan Bukar ya gama aikin soja ya buɗe shagon shayi da lemo a bakin tasha. Ya sayo tsohon teburin biliyar a wurin waɗansu Turawa da za su bar Damagaram, aka kawo shi a bayan kamyo, ya sa a ɗakin baya. Koren ƙyallen da ke kansa ya yage a gefe guda, ya aiko in zo in ɗinke. Na ɗinke, ya ce in gwada ko ƙwallo zai yi tuntuɓe a kan ɗinkin. Na kama sanda na buga. To, tun daga ranar ban warke ba. Da an yi la'asar sai in rufe keke in nufi can, mu buga har a kira magariba. Ba yabon kai ba, hannun tela ba ya rawa, har ma'aikatan gwamnati da jandarmomi sai da suka san da zamana.

Sai abin ya fara. Ƙwallon da ke nesa ya riƙa yi mini gashi-gashi a gefe, ban san inda ya fara da inda ya ƙare ba. In nufi rami in buga bango. Sarjan yana tsokanata wai aure ya cinye mini hannu, ina dariya, amma na tuna haka mahaifina ya fara cewa yana ganin hazo da rana tsaka.

Wautata ta farko, ranar kasuwa na tsaya wurin wani mai tallan tabarau a faranti. Na ɗaga wannan na ajiye, na ɗaga wancan, na zaɓi wanda ya fi yi mini kyau a ɗan madubin da ya miƙo mini, mai bakin ƙarfe ruwan zinariya, gilashinsa da ɗan duhu. Da na tambaye shi ko yana ƙara gani, ya rantse har likitoci irinsa suke sawa. Na shiga ɗakin Sarjan da shi ina taƙama. Ɗakin da ma taga guda gare shi, sai na ƙara masa duhu da kaina, jan ƙwallo da baƙi suka zama ɗaya. Kafin magariba kaina kamar zai tsage. Don haka, Abba, kada ka sayi na faranti, kada ka ari na wani, ko nawa ne. Ido kamar kafaɗa ne, kowa da awonsa, har na dama da na hagu ba lalle su zo ɗaya ba. Mai duhu kuwa ka bar wa masu yawon rana, kai gani kake nema.

Ta biyu ita ce babba, ita nake so ka buɗe kunne ka ji. Da abin ya ƙi, na yanke shawarar zuwa Damagaram wurin likitan ido. Sai kakanka na wajen uwa, Malam Habu, ya ji labari, ya ce ai shi ma ƙananan baƙaƙe sun fara gudunsa, mu tafi tare. Ka san Malam Habu, ka san abin da ke tsakanin mutum da surukinsa. Duk tafiyar nan ban sha ruwa a gabansa ba. Muka isa aka shigar da mu ɗaki guda, don sun ga tare muke, shi a kan kujera ni a bakin benci na sunkuyar da kai. Aka gama da shi aka zo kaina. Likitan mutumin kirki ne, ya tambaye ni a hankali me ke damuna, wane aiki nake so tabarau ya yi mini.

Kai ka duba mini. Malam Habu yana zaune da carbi a hannu, mutumin da ke limanci a unguwarsu, ya ba ni 'yarsa a kan ni natsattse ne. In buɗe baki a gabansa in ce ƙwallo nake so in gani a kan teburin tsohon soja a bayan shagon shayi? Sai na ji bakina ya ce, “Karatu, likita. In na ɗauki Alƙur'ani rubutun yana haɗe mini.”

Malam Habu ya ce madalla. Likita ya so ya gwada ni da allon da ke jikin bango can nesa, na ce masa a'a, nesa lafiya lau nake gani, don ina tsoron in an bi ta nan maganar za ta kai mu teburin. Ya miƙo mini takarda a hannu yana canza gilashi yana tambaya, ni kuwa duk wanda ya sa sai in ce ya fi, don in samu in fita daga ɗakin. Mutumin ya yi aikinsa a kan abin da na gaya masa. Na dawo Tanut da tabarau na karatu, ni da nake zura zare a allura ko da ido guda.

Da na sa shi a gaban tebur, wallahi ƙarshen teburin ma ɓacewa ya yi. Wani mai hankali da sai ya ce ai ƙarya na yi, ga sakamakonta. Ni ba haka na ɗauka ba. Cewa na yi likita guda ya auna ni da na'urarsa, ya ba ni tabarau, ga shi abin sai ƙaruwa yake, ashe dai ciwon gidanmu ne, ba shi da magani. Na jefa shi a akwatin keke na rufe bakina. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, ina cikin wannan hali. Ina zuwa wurin Sarjan don kada a tambaye ni, ana cinye ni ina dariyar yaƙe. Abinci ya daina yi mini daɗi. Innarka ta yi tambaya har ta gaji.

Ka san wanda ya fitar da ni? Malam Habu. Innarka ta je gida ta yi masa kukan na rame ba ta san dalili ba, ta dawo da saƙo. Ya ce ta gaya wa mai gidanta, shi tun a ɗakin likita ya san ba karatu ne ya kai ni ba, don ya sha ganina ina ɗinki ba tabarau, kuma duk Tanut ba wanda bai san inda nake yin la'asar zuwa magariba ba. Ya yi shiru ne don kada ya kunyata ni a gaban baƙo, yana zaton zan koma in gyara da kaina. Ya ce in koma, ni kaɗai. Ka ga, ni ina jin kunyarsa shi yana jin tawa, muka haɗu muka kusa kashe ni da ladabi.

To ga abin da nake so da kai. In za ka wurin likita kada ka yarda mijin gwaggonka ya raka ka ciki, ko ya nace. Ka ce masa ya jira a inuwa. Kada ka shiga da kowa wanda za ka ji nauyinsa. In likita ya tambaye ka, ka faɗa masa duka: hanya kake so ka gani daga saman kamyo, kuma kana buga biliyar, kana so ka ga ƙwallo daga kan sandarka har ƙarshen tebur. Ka nuna masa tsawon teburin da ƙafarka in ta kama. Ba alƙali ba ne, ba surukinka ba ne, ya ji abin da ya fi wannan. In ya sa maka gilashi ya ce wanne ya fi, kada ka ce masa duk ɗaya don ka rage masa wahala, irin halinka na gidanmu. In ba ka tabbata ba ka ce ya sake. Don wannan yake zaune a wurin.

Na koma ni kaɗai na faɗi gaskiya. Likitan bai ko yi dariya ba, ya dai girgiza kai ya ce na wahalar da kaina a banza. Ya sa mini wani gilashi ya ce in dubi allon bango, sai ga baƙaƙe tsaye ƙyam kamar an yanka su da almakashi. Ya rubuta mini awon ya tura ni shagon masu haɗa tabarau. A nan na yi wauta ta uku, don ni ba na yin abu sau ɗaya in huta.

A lokacin ma'aikata wani siririn tabarau suke yayi, ɗan ƙarami, yana zama can ƙasa a kan hanci, in mutum ya sa sai ka ce sakataren kumandan. Shi na nuna. Na zauna a gaban madubi na miƙe wuya, ga babbar riga ga hula, na ga na yi kyau na ce a haɗa. Da aka aiko mini da shi na sa na fito bakin kasuwa, na hango raƙuman Buzaye tun suna can bayan gari, har ina iya rarrabe fari da ja. Na ce alhamdu lillahi na warke. Da la'asar na je na kama sanda na sunkuya, sai hazon nan ya dawo yadda yake. Na miƙe, garau. Na sunkuya, hazo. Na ce wannan kuma wane irin ciwo ne mai zuwa yana komawa, ko dai jifa aka yi mini.

Sarjan Bukar ne ya tsuguna a ɗaya gefen teburin ya dube ni ido cikin ido, sannan ya fashe da dariya har yana riƙe ciki.

Ya ce, “Ilu, tabarau ɗinka na kallon ƙyallen tebur, kai kana leƙe ta samansa. To wa zai nuna wa wani hanya?”

Gaskiyarsa. Mai wasa in ya kwantar da haɓa kusa da sanda, idonsa sama yake ɗagawa, sai ganin ya bi ta saman ƙarfen ya bar gilashin a ƙasa. Ni da nake auna mutane kullum, nake ce wa manomi ya ɗaga hannu in ga ko hammatar riga za ta matse shi, na je na auna kaina a zaune kamar mai ɗaukar hoto.

Wannan karon ban ɓata lokaci ba. Na koma shagon da sandar awona ta katako a hannu. Na ce wa mai shagon ya yi haƙuri zan yi abin da bai saba gani ba. Na tuɓe babbar riga na rataye, na ajiye kwalbar tawadarsa a ƙarshen kanta, na buɗe ƙafa na sunkuya na kwantar da sandar a kan yatsuna. Akwai wata Hajiya da wani malamin lakwal, wato makarantar boko, a shagon, suka bar abin da suke yi suna kallona. Na ce a raina ku kalla, kunya ta gama cin rabonta a jikina. Duk wanda ya miƙo sai in sa in sunkuya, in na ga ƙarfen sama ya gitta mini ko ina leƙe ta samansa in ce a kawo wani. Daga ƙarshe ya jawo wani daga ƙasan akwati, fankameme, wanda ya ce ya daɗe ba mai tambayarsa. Ya kai mini har gira. Na sunkuya na ga kwalbar a tsakiyar gilashi. Wannan ne wanda ka tashi ka gan ni da shi, wanda ya sa yaran tasha suke ce mini Ilu mai fitilar kamyo.

Kai ma haka za ka yi. Ka sami sanda ko ta tsintsiya ce ka shiga da ita. Ka zaɓi mai tsawo daga sama, wanda in ka sunkuya ƙarfensa yana kan girarka ko sama da ita. Ka duba ya kama karan hancinka sosai, don gumi zai riƙa zame da shi, mai nauyi kuwa ya fi saurin gangarowa. Ka girgiza kai ka ga ko zai motsa. In hannayensa sun yi sako-sako a bayan kunne ka ce su lanƙwasa maka tun kana wurin. Kada su ba ka mai hawa biyu irin na tsofaffi, layin tsakiyarsa yana raba ƙwallo gida biyu. Kwanakin farko za ka ga ƙasa kamar ta taso, ka yi ta ɗaga ƙafa inda ba tudu, wasanka ma zai lalace kafin ya gyaru. Kada ka tsorata ka cire, ido ne yake sabawa. In samari sun yi maka dariya ka bar su, dariyar tana ƙarewa ranar da ka cinye su. In ka sami tebur a Agadas ka buga don nishaɗi, ban da caca, in an kira salla kuma ka jingine sanda ko ƙwallo yana bakin rami.

Saura magana guda, ita ce ta fi yi mini nauyi, shi ya sa na bar ta ƙarshe.

Kana iya tuna lokacin da kake ƙarami, kafin a sa ka lakwal, da nake zuwa da kai wurin Sarjan? In mun tashi da magariba sai in ba ka kan sandata ka riƙe, ni in riƙe gindinta, in ce ka wuce gaba ka kai mu gida. Ina ce maka in ka ga rami ka faɗa, in ka ga jaki ka tsaya, kada ka yi sauri. Kana tafe kana ƙoƙari, kana gaya wa duk wanda muka gamu da shi kai ne direba. Innarka tana ganin wasa ne, kai ma haka. Ba wasa ba ne, Abba. Haka na riƙa jan mahaifina zuwa masallaci da kasuwar Gangara tun ban kai ka tsawo ba. Koya maka nake yi tun ina gani, don in ranar ta zo kada ka sha wuyar da na sha. Wani lokaci har rufe idona nake yi a bayanka in ji ko za ka iya. Kana iyawa kuwa, ko sau ɗaya ba ka taɓa jefa ni a rami ba, wannan ne ma ya fi ƙona mini rai.

Ranar da babban tabarau ɗin ya iso na buga da shi na ga komai, da muka fito ka miƙo hannu za ka kama sandar kamar kullum. Na ɗaga ta na saɓa a kafaɗa, na ce ka bari, daga yau ni zan riƙe abata. Ka yi ta kuka tun daga tasha har ƙofar gida, kana tambaya me ka yi. Innarka ta ce me ya sa na hana yaro abin da yake so. Ni dai na shige ɗaki. Ba ka yi laifin komai ba. A duk rayuwata ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba, sai ranar nan da na ji ka karanta rubutun jikin motar.

Don haka ka tafi abinka da zuciya ɗaya. Ba ni bukatar mai ja mini sanda, kai ma ba za ka bukata ba in Allah Ya yarda.

Allah Ya ba ka sa'ar likita, Ya sa ka ci gwajinka. Allah Ya tsare ka a hanyar Agadas, hawa da sauka, Ya raba ka da mugun abokin tafiya da mugun ƙarfe, Ya haɗa ka da mutanen kirki inda ba ka san kowa ba. Allah Ya bar maka idonka har tsufa, Ya dawo mana da kai lafiya. Ka gaishe da gwaggonka da mai gidanta da yara.

Wassalam.

Mahaifinka,
Ilu tela